Allurar sitem sel don gigin tsufa a Abuja: me ke cikin ledar ƙarin ruwan?

Wata sabuwar haja ta shigo kasuwar lafiya a Abuja. Wasu asibitocin kuɗi a unguwannin masu hali, da dillalan da ke kai marasa lafiya Indiya da Dubai da Turkiyya, suna tallar abin da suke kira sitem sel, wato ƙwayoyin halitta na asali waɗanda sauran ƙwayoyin jiki ke tsirowa daga gare su. Jerin cututtukan da ke jikin takardar tallar dogo ne: ciwon gwiwa, suga, shanyewar ɓarin jiki, raunin mazakuta, sai cutar mantuwa, wadda a gida muka fi sani da gigin tsufa. Ita wannan ta ƙarshen za a bi diddiginta a nan, daga teburin karɓar baƙi har zuwa makonnin bayan an zare allura. Ba a kama sunan kowa ba, domin tsarin kusan ɗaya ne duk inda aka shiga.

A fara da abin yabo, don akwai shi. Babu layi, babu cigiyar kati, babu "ku dawo ranar Talata". Ɗaki tsaf, sanyi na ratsawa, ga keken tura tsoho tun daga bakin ƙofa. Likita kan zauna ya saurari iyali a tsanake, kuma duk wanda ya taɓa kai uwa mai ruɗewa babban asibiti da sassafe ya san darajar wannan. A wajen tarba da mutuntawa sun ci maki. Gizo yana saƙar ne a wani wurin.

Matsalar farko tana bayyana tun a ganawar farko, tun ba a kai ga zancen ƙwayoyi ba. Mantuwa alama ce, kamar zazzaɓi, ba sunan cuta guda ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu gigin tsufa, saura kuma sun haɗa da wanda toshewar ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke jawowa, wanda mu da hawan jini ya yi wa katutu bai kamata mu raina shi ba. Sannan akwai abubuwan da ke kwaikwayon gigin tsufa alhali suna da magani. Ƙarancin bitamin B12 na daga ciki, musamman ga mai suga da ya shekara da shekaru yana shan metformin. Akwai raunin tayirod (wata gaɓa a gaban wuya mai sarrafa kuzarin jiki), akwai ciwon damuwa mai tsanani, da tunjere da ya kai ƙwaƙwalwa, da cuta mai karya garkuwar jiki. Akwai jinin da ke taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan tsoho ya zame a banɗaki, an ma manta da faɗuwar, sai bayan wata guda ko biyu ya fara sambatu. Hoton CT yana nuna shi, ƙaramar tiyata tana zuƙe shi. Akwai taruwar ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, mai zuwa da alamu uku: tafiya kamar ƙafa ta manne da ƙasa, tsiyayar fitsari, da mantuwa. Ga kuma ledar magungunan da ke gefen gado. Amitriptyline, diazepam, Artane, har Piriton da ake sha kamar gyaɗa, duk suna iya dagula wa tsoho lissafi.

Sabis na gari zai tace waɗannan tukuna: gwajin jini na B12 da tayirod da suga da ƙoda da kalshiyam, hoton ƙwaƙwalwa, da zazzage ledar magani ɗaya bayan ɗaya. Alamar da za ku gane inda aka dosa ita ce a faɗa muku farashin kunshi kafin sakamakon gwaji ya fito. Idan har an yi gwajin tunani, ku lura da irinsa. MMSE, mai maki 30, yana sa mutum ya riƙa cire bakwai-bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane. Hajiyar da karatunta na allo ne za ta faɗi wannan ko da lafiyarta ƙalau. Akwai gwajin IDEA da aka tsara a Tanzaniya aka kuma jarraba a Ibadan saboda irinta: a ce ta lissafo dabbobi iya ƙoƙarinta cikin minti ɗaya, ta maimaita kalmomi goma, ta jera tsinken ashana huɗu yadda aka nuna mata. Wurin da bai auna tsohuwa da ma'aunin da ya dace da ita ba kafin allura, da me zai nuna muku ta samu sauƙi bayanta?

Sai hajar kanta. Kusan duk abin da ake sayarwa da wannan suna nau'i ɗaya ne, wanda masana ke taƙaita sunansa da MSC, ana samunsa a ɓargo da kitse da igiyar cibiyar jariri. Ba shi ne irin wanda ake dashen ɓargo da shi don sikila ba. Wancan aiki ne tabbatacce, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya yi na farko a Najeriya a 2011. Masu talla suna son jingina da wancan suna, amma hanyar jirgi daban ta mota daban.

Hanya uku ake bi wajen samar da hajar. Ta farko ita ce ta kitsen mutum kansa. A tsaga fatar ciki kaɗan, a zuƙo kitse, a narkar da shi da sinadari, a juya a inji, a mayar masa ta jijiya a ranar. Abin da ke fitowa gauraye ne na ƙwayoyin jini da na bangon jijiya da sauransu, MSC ɗin tsiraru ne a ciki. Ƙwayoyin ɗan shekara 78 kuma sun tsufa tare da shi, ba su da kuzarin hayayyafa. Ga haɗarin zubar jini idan yana shan asfirin ko clopidogrel, kuma yawancin tsofaffin da suka taɓa shanyewa suna sha.

Hanya ta biyu, wadda ta fi tsada, ita ce ta ƙwayoyin cibiya da aka raina a lab, galibi a ce daga waje aka kawo. A nan ne lissafi ke da amfani. Adadin da aka saba amfani da shi a gwaje-gwaje shi ne ƙwaya miliyan 1 zuwa 2 a kowane kilo na nauyin jiki, ke nan tsoho mai kilo 60 yana buƙatar miliyan 60 zuwa 120. Kafin a tara wannan sai an yi makonni ana rainonsu a akwati mai ɗumin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100, ba ɗaukewar wuta ko ta awa ɗaya. Idan za a ajiye, ana haɗa su da sinadarin DMSO, kimanin kashi 10 cikin 100, a daskarar a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Firizar gida ba ta yi, kular ƙanƙara ba ta yi. Ranar aiki a narkar da su da sauri a ruwa mai ɗumin jiki, a ƙirga masu rai, a sa cikin 'yan awoyi. Mafi ƙarancin masu rai da ake karɓa shi ne kashi 70 cikin 100. Yanzu ku auna tafiyar kwalbar daga wata ƙasa, zamanta a filin jirgin Nnamdi Azikiwe kafin a fito da ita, da cunkoson hanyar Lugbe da rana tsaka. Duk inda sanyin ya yanke, an kashe su, kuma ruwan da matattun ƙwayoyi ke ciki da ido ba ya bambanta da mai rayayyu.

Saboda haka kowace kwalba ta gaskiya tana tafe da takardar shaidarta mai lambar rukuni. A ciki za a ga yawan ƙwayoyi, kason masu rai, sakamakon gwajin tsabta daga ƙwayoyin cuta (wanda shi kaɗai kwana 14 yake ci), gwajin gubar bakteriya, da gwajin uwar da ta ba da cibiyar kan ciwon hanta nau'in B da C da tunjere da cuta mai karya garkuwa. Za kuma a ga alamomin da ƙungiyar masana ta duniya ta gindaya a 2006: CD73 da CD90 da CD105 su bayyana a aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin, CD45 da CD34 kada su wuce kashi 2. Ba sai kun fahimci lambobin ba. Ku nemi takardar, ku duba ko lambarta ta yi daidai da ta jikin kwalba. Idan amsar ita ce "ranka ya daɗe, sirrin kamfani ne", to cinikin biri a sama ake yi.

Ta uku, wadda ake kira ekzozom, ba ƙwayoyi ba ne ma, ɗan abin da suke fitarwa ne. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ko ɗaya ba, kuma ta yi gargaɗi a 2019 bayan wasu sun kwanta rai a hannun Allah a jihar Nebraska. Shi kuwa garin da ake tallatawa a WhatsApp da sunan sitem sel na tuffa ko inabi, a ce a zuba ƙarƙashin harshe, ko layin bai shiga ba. Garin tsiro ne busasshe, ciki zai narkar da shi kamar kowane abinci.

Mu ɗauka komai ya tafi daidai, ƙwayoyin rayayyu ne, tsarkakku. Ina suke zuwa? Jinin da ya bar hannu zuciya yake nufa, daga nan sai huhu. Ƙwayar MSC da aka raina a lab faɗinta ya kai maikiron 15 zuwa 30, ƙananan hanyoyin jinin huhu kuwa ba su kai 10 ba. Mafi yawansu a nan suke maƙalewa, kuma a gwajin ɓeraye an ga ba sa daɗewa da rai bayan kwana guda. 'Yan kaɗan da suka tsallake sai su tarar da shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa ke nan, hana baƙo shiga. Ko da sun shiga, ba sa rikiɗa su zama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Ƙashi da kitse da guringuntsi suka iya zama. Arnold Caplan, masanin da ya raɗa musu suna a 1991, da kansa ya nemi a canza sunan a 2017, saboda ya ga ana yaudarar mutane da shi. Abin da ake zaton suna yi shi ne fitar da sinadarai masu kwantar da kumburi na ɗan lokaci.

Ita kuwa Alzheimer tana fara ɓarna shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alama. Ranar da Baba ya kasa gane hanyar masallaci, ƙwayoyi masu ɗimbin yawa sun riga sun mutu a sashen ajiyar tunani, kowacce da dubban mahaɗai tsakaninta da 'yan uwanta. Sunan jika da fuskar mata a cikin waɗannan mahaɗan suke. Sabuwar ƙwaya, ko da za ta zauna, ba ta san kowa ba. Don haka kalmar "dawo da ƙwaƙwalwa" da ke jikin takardar talla ba ta da madogara.

Wannan ba yana nufin binciken wasa ba ne. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu an huda ƙoƙon kan mutum tara aka sa musu ƙwayoyin jinin cibiya kai tsaye, sakamakon ya fito a 2015: an yi lafiya, amma ba a ga cutar ta ja baya ba. Da aka sauya hanya aka riƙa zubawa ta ɗan bututu cikin ruwan ƙwaƙwalwa, zazzaɓi da ciwon kai da amai suka riƙa biyo bayan allurar. Wanda ya fi ba da fata shi ne na kamfanin Longeveron a Amurka, da aka wallafa a 2025: mutum 49 masu cutar a matakin farko, wasu an ba su ƙwaya miliyan 25 sau ɗaya, wasu miliyan 25 wasu kuma miliyan 100 wata-wata har sau huɗu, wasu kuma ruwa zalla don kwatance. Babu mummunar illa, kuma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna raguwar saurin motsewa. Labari ne mai daɗi, amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Mutum 49 da aka raba gida huɗu, kowane gida kusan mutum goma sha biyu ke nan. Lecanemab, maganin Alzheimer da Amurka ta amince da shi a 2023, sai da aka gwada shi kan mutum 1,795 na wata 18, duk da haka abin da ya yi shi ne rage saurin lalacewa da kimanin kashi 27 cikin 100, ba warkarwa ba. Hukumomin magunguna na Amurka da Tarayyar Turai babu wadda ta amince da sitem sel don gigin tsufa. MSC na farko da Amurka ta amince da shi, a Disamban 2024, na yara ne da jikinsu ya rikice bayan dashen ɓargo.

Wani kan tambayi halacci. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yi fatawa a 2003 cewa ya halatta a yi amfani da ƙwayoyin idan tushensu halal ne, kamar cibiya da mabiyiya da izinin iyaye. Fatawar kan tushe take, ba shaidar cewa magani yana aiki ba ce, ko da yake za ku ji ana karanto ta kamar ita ce.

Ranar allura ba ta da wani armashi. Kujera mai kishingiɗa, na'urar awon jini a dantse, 'yar leda mai ruwa garwaye kamar tsinkakken koko tana ɗiga cikin rabin awa zuwa awa ɗaya. Idan daga daskare aka narkar da ƙwayoyin ba a wanke ba, numfashin tsoho zai yi warin tafarnuwa har washegari. DMSO ne, ba wani abu ba. Wahalar tana ga shi majinyacin. Bai san inda yake ba, bai san dalilin da ya sa baƙuwar fuska ta riƙe masa hannu ba, sai ya kai ɗaya hannun ya fizge allurar. Jika na cewa "Kaka, ki bari, magani ne", ita kuwa tana neman takalminta za ta tafi gida. Nan ne ake kai hannu ga allurar barci, wadda kan bar tsoho cikin ruɗu na kwanaki. Wanda aka ɗora a jirgi zuwa wata ƙasa nasa ya fi muni: canjin wuri da na lokaci da harshen da bai sani ba sun isa su jefa shi cikin ruɗewa mai tsanani, wasu kuma ba sa komawa yadda suke kafin tafiya.

Idan aka ce za a sa ta gadon baya "don ta fi saurin kai wa ƙwaƙwalwa", haɗarin ya ninka, domin ƙwayar cuta ɗaya a ruwan nan sanƙarau ce. Illolin kuma a rubuce suke, ba jita-jita ba. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 12 da suka kwanta asibiti bayan an yi musu allurar gurɓataccen kayan cibiya. A 2017 an wallafa labarin mata uku a Florida da suka rasa gani bayan an sa musu ƙwayoyin kitsensu a ido. Wani mutum da ya zagaya Sin da Ajantina da Meziko neman maganin shanyewa ya ƙare da tsiro a lakarsa, wanda gwaji ya nuna daga ƙwayoyin wani ya fito. Sannan su MSC suna ɗauke da sinadarin da ke tayar da daskarewar jini, ga su suna cunkushewa a huhu. Ga tsoho mai ciwon zuciya da ba ya yawan motsi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To me ya sa ake samun iyalan da ke rantsuwa sun ga canji? Ba ƙarya suke yi ba. Gigin tsufa da ma yana da ranar wanka da ranar dauɗa, wani nau'in ma yakan tsaya cak na watanni kafin ya sake gangarawa. Tsohon da ba ya shan ruwa sosai, a ɗaura masa leda biyu da bitamin, dole ya ɗan farfaɗo. Sau da yawa ana yin allurar hydrocortisone ko dexamethasone kafin a fara, ita kuma tana buɗe ciki ta kawo kuzari na 'yan kwanaki. 'Ya'ya sun zo daga Kaduna da Legas sun kewaye shi, ana ta hira. Gwajin tunanin kuma idan aka maimaita shi bayan mako biyu, maki kan ƙaru don an saba da tambayoyin. A wannan tsakanin ake ɗaukar bidiyon shaida. Wanda ba a ɗauka shi ne na wata na shida, lokacin da ake kira a ce a zo zagaye na biyu.

Wajen takardu, abu uku ne. Lambar rajistar likitan a majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN. Izinin NAFDAC na shigo da wannan kaya da amfani da shi ga wannan cuta takamaimai. Idan kuma aka ce bincike ne, amincewar kwamitin ɗa'ar bincike mai rajista da kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, NHREC, da lambar gwajin. Ganin suna a shafin ClinicalTrials.gov ba amincewa ba ce, rajista ce kawai. Bincike na gaskiya yana da rukunin kwatance, yana da sharuɗɗan wanda zai shiga, kuma ba ya karɓar miliyoyi daga hannun wanda ake gwaji a kansa. A wannan yanayin kaɗai ne sabis ɗin ya cancanci a kai masa tsoho. Yadda ake sayar da shi yanzu, bai ci kuɗinsa ba. Ku karanta takardar sa hannu da kyau, domin ku ne ke sa wa wanda ba zai iya cewa a'a ba, kuma a can ƙasa galibi an rubuta cewa ba a yi alkawarin komai ba, saɓanin romon bakan da aka sha a ofis.

Kuɗin da za a zuba a nan zai yi aiki mai tsawo a wani wurin. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko na taɓin hankali a Asibitin Ƙasa ko na koyarwa da ke Gwagwalada zai iya tantance nau'in cutar. Daga cikin magungunan gigin tsufa da aka amince da su, donepezil ana fara shi da miligiram 5 da dare, bayan mako huɗu zuwa shida a kai 10. Yana iya kawo tashin zuciya da gudawa da munanan mafarkai, yana kuma rage bugun zuciya, don haka a riƙa ƙirga bugun, musamman ga mai shan atenolol. Memantine na matsakaicin mataki ne zuwa mai tsanani, daga miligiram 5 a ƙara biyar-biyar duk mako har 20, a rage ga mai ciwon ƙoda. Ba sa warkarwa, suna ɗan riƙe mutum ne na wani lokaci, amma an san iyakarsu. Sauran kuɗin ya tafi ga daidaita hawan jini da suga, na'urar ji, aikin yanar ido, ƙarfen riƙewa a banɗaki, kati mai lambar waya a aljihun riga, da albashin mai jinya don 'yar da ke kwana a kansa ta samu barci.

Wanda kuma an riga an yi wa nasa, a sa ido sosai a kwana ukun farko, a ci gaba da lura har mako biyu. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, haki ko ciwon ƙirji, kumburin ƙafa ɗaya, sanƙarewar wuya bayan allurar baya, barcin da ba a iya tashinsa, ko ruɗewar da ta fi ta jiya nesa ba kusa ba: a wuce sashen gaggawa na babban asibiti kai tsaye, ba a tsaya jiran wanda ya yi allurar ya ɗaga waya ba. A tafi da duk takardar da aka bayar da hoton kwalbar idan an ɗauka, a faɗa wa likitan ranar da aka yi, ta wace hanya, da magungunan da aka haɗa da ita.